Tantin kan mota mai murfi mai tauri: ko Hilux za ta iya ɗaukarsa a daji?

Mai Burtsatse:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san kan mota. Sana'ata binciken ruwa ce, mu ne muke zuwa mu auna ƙasa kafin injin haƙa burtsatse ya iso. Aikin yakan kai mu ƙauyukan Gombe da Adamawa da Taraba, wani lokaci kwana huɗu ko biyar ba mu ga masauki ba, sai dai mu shimfiɗa tabarma a gindin mota. A daminar bara kububuwa ta sari yaron da yake ja mini waya, da asuba, yana laluben takalminsa. Allah Ya taimake mu ba mu yi nisa da Kaltungo ba, aka yi masa allura ya tashi. Amma tun daga ranar kwanan ƙasa ya fita raina.

To na ga wani tanti da ake ɗaurawa a saman mota, mai kama da akwati shimfiɗaɗɗe, in aka buɗe sai ya zama ɗaki da katifa a ciki. Ba na tamfol da ake naɗewa nake nufi ba, mai murfi mai tauri. Motata Hilux ce mai ƙofa huɗu. Yaya abin nan yake aiki? Kuma zai jure hanyoyinmu, ko kuɗina zan zubar?

Mazaunin Windhoek:
Wa alaikumus salam. Allah Ya ƙara wa yaron lafiya. A nan Namibiya abin nan ba baƙo ba ne, kamfanonin hayar mota suna ba masu yawon buɗe ido Hilux da tanti ɗaya ko biyu a kai, su shiga gandun namun daji na Etosha ko su tsallaka Botswana. Yawancin na haya masu naɗewa ne, amma masu motar kansu da yawa sun koma mai murfi. Ni shekara uku ke nan ina da shi.

Sirrinsa ba shi da yawa. Faranti biyu ne, na ƙasa da na sama. Na ƙasa shi ne gadon, a kansa katifa take, kuma a bayansa akwai dogayen layukan alminiyam guda biyu masu rami, ta nan ake zura ƙusoshin da ke damƙe shi da kariyar mota. Na sama shi ne murfi in kana tafiya, shi ne kuma rufin ɗaki in ka sauka. Tsakaninsu yadi ne mai kauri da aka ɗinke ya zagaye, da tagogi masu ragar sauro da ƙofa mai zif. In an rufe, yadin yakan naɗe ya shige ciki, roba ta bakin murfin ta zauna ta hana ƙura da ruwa shiga.

Inda suka bambanta shi ne yadda murfin ke tashi. Akwai mai buɗe baki kamar kada: gaba a haɗe da hinji, baya ne ke ɗagawa. Nawa irin wannan ne. Ka ɓalle makullai biyu na baya, ka ɗan tura da hannu, sandunan iska su ƙarasa aikin. Wallahi ba ya kai minti ɗaya. Akwai wanda murfin duka yake miƙewa sama sambal, ya zama kamar akwati mai tsayin kusan mita ɗaya, ko'ina ka zauna kanka ba zai taɓa rufi ba, amma ba za ka iya durƙusawa sosai ba. Sai kuma wanda murfin ke kifewa gefe ɗaya, gadon ya buɗe biyu ya leƙo wajen mota, tsani ya tokare rabin da ya leƙo. Wannan ya fi faɗi, na iyali ne. iKamper na Koriya ta Kudu ne suka yi fice da shi tun 2017.

Ɗalibi:
Yaya, mece ce sandar iska?

Makanikin Panteka:
Ka taɓa buɗe but ɗin mota ya tsaya da kansa ba ka riƙe ba? To waɗannan sandunan biyu na gefe, su ne. Bututu ne da aka ɗura wa iskar naitirojin da ƙarfi aka toshe, da sanda mai shiga tana fita. Kullum iskar tana ƙoƙarin turo sandar waje. Na tanti sun fi na but tsayi da ƙarfi kawai.

Tsohon Direba Agadas:
Salamu alaikum. Ɗana mai burtsatse, ni ban ga amfanin wannan abu ba, kuma zan gaya maka gaskiya ko ba ta yi daɗi ba. Shekara fiye da talatin ina tahiya Agadas zuwa Dirku da Bilma, tun da tsohuwar Land Cruiser har aka zo yayin Hilux, lokacin da zinariyar Jado ta ɓullo a 2014. Ban taɓa kwana bisa mota ba. In dare ya yi sai mu tsaya, mu dahwa shayi, kowa ya shimfiɗa tabarma da bargo bisa rairai. Saman kat-kat, wato motar da tayoyinta huɗu duka ke ja, ba wurin nauyi ba ne. Na ga motar Turawa da idona ta kwanta a gehen tudun rairai, don sun tara jarkoki da taya da tanti a bisa. Inda tamu ta bi ta wuce lahiya, nan tasu ta kife. Nauyi a ƙasa ake sa shi, tsakanin tayoyi. Wannan shi ne karatun hamada na fari.

Mai Burtsatse:
Baba, na gode. Amma ku rairayi ne tsaf, mu kuwa ciyawa ce da duwatsu da laka. Wurin da muka kwana ranar nan ba inda za ka share ka ce ka tsira.

Tsohon Direba Agadas:
Kunama muna da ita mu ma, kuma tamu ba ta wasa. Amma na yarda, damina taku daban ce.

Injiniya:
Maganar Baba ita ce gundarin zancen, kada mu wuce ta da sauri. Buɗewa da rufewa abu ne mai sauƙi, kowane mai talla zai nuna maka a bidiyo. Abin da ba sa son daɗewa a kai shi ne nauyi.

Irin waɗannan tantuna yawanci suna kamawa daga kilo 55 zuwa kusan kilo 100, na alminiyam sun fi nauyi. Rufin kowace mota yana da iyakar abin da zai ɗauka, kuma iyakar iri biyu ce. Akwai na lokacin da mota take tsaye, akwai na lokacin da take tafiya. Na tsaye yana da yawa, sau da yawa ya ninka na tafiya har sau uku, shi ya sa mutum biyu za su kwana a sama ba abin da zai faru. Na tafiya shi ne matsala, domin duk ramin da ka faɗa, kayan da ke sama ba nauyinsu kaɗai suke sauke wa rufin ba, dukansa suke yi kamar guduma. Motoci da yawa kilo 75 zuwa 100 ne aka rubuta musu a littafinsu.

Sannan wannan adadin na kan kwalta ne. Kamfanin Rhino-Rack na Ostareliya, masu yin kariya, sun ce in za ka bar kwalta ka raba adadin da 1.5. Mu ɗauki misali: an rubuta kilo 100. Ka raba, ya dawo 66. Kariyar kanta a ce kilo 20 ce, ita ma a ciki take, saura 46. Yanzu ka kawo tanti mai kilo 70, ka bar bargo da filo a ciki. Ka ga ka wuce iyaka tun ba ka fita daga gida ba. Rufin ba zai karye yau ba, ba zai karye gobe ba. Wata shida na gargada, sai ka ga tsaga ta fito a inda ƙafar kariya take zaune, ruwa ya fara ɗiga a kan kujera.

Mai Burtsatse:
Innalillahi. Injiniya, ke nan dai Hilux ba za ta iya ba?

Injiniya:
Za ta iya, amma ba a kan rufin da kake zama ƙarƙashinsa ba. Tsohuwar Land Cruiser irin ta su Baba, mai lamba 70 da 'yan uwanta, tana da kwararon ruwa na ƙarfe da ya zagaye rufin, kariya mai ƙafa shida ko takwas takan kama shi ta raba nauyin. Hilux ta yanzu ba ta da wannan kwararon. Abin da take da shi wanda ya fi shi, bodin baya ne. A nan ake kafa firam mai ƙafa huɗu a kan bakin bodin, tantin ya hau kan firam ɗin. Nauyin ya sauka a bodi, bodi ya sauke wa shasi.

Makanikin Panteka:
Daidai. Amma bari in ƙara abu ɗaya, don na gyara ɓarnarsa da hannuna. Bodin Hilux mai ƙofa huɗu tsawonsa kusan mita ɗaya da rabi ne, tantin kuma ya ɗan haura mita biyu. Dole ya leƙa kan rufin gaba. Sai wani ya ce bari in sa sanda ɗaya a rufin gaba, biyu a firam ɗin baya, in ɗaure tantin a duka ukun don ya yi ƙarfi. Kuskure ne babba. Kan mota da bodin baya abu biyu ne daban, kowanne zaune yake a kan shasi da kansa. In taya ɗaya ta hau dutse, shasin yakan murɗa, kan ya karkata dama, bodin ya karkata hagu. Duk abin da ka haɗa su da shi, shi zai sha murɗar. An kawo mini wata da gindin tantin ya tsage daga wannan gefe zuwa wancan, rufin ma ya lotsa. Ka ɗaure a firam ɗin baya kawai, gaban ya tsaya a iska, ka bar tazarar da hannunka zai shige tsakaninsa da rufin.

Mazaunin Windhoek:
Haka nawa yake, sai dai ni a kan rumfar alminiyam da ta rufe bodin na ɗora. Alu-Cab na Cape Town suna yin rumfar da tantin duka. Amma a kula, ba kowace rumfa ce ke ɗaukar kaya ba, ta faiba marar ƙarfe a ciki ba za ta iya ba.

Tsohon Direba Agadas:
To kun gyara zancen rufi. Ba ku gyara zancen kifewa ba. Ko bisa hiram kuka aza shi, yana nan sama da kan direba.

Injiniya:
Gaskiya ne Baba, wannan ba ya gyaruwa, sai dai a rage shi. Kilo 70 ba wani abu ba ne a motar da ta kusa tan biyu, amma da yake kusan mita biyu yake daga ƙasa, duk karkatar da mota ta yi sai ya ƙara mata. Za a ji shi a kwana, za a ji shi in an taka birki da ƙarfi, za a fi jin sa in mota tana bin gefen gangare a karkace. Maganinsa shi ne kada a ƙara masa 'yan uwa. Jarkar ruwa, jarkar mai, tayar safaya, batir, duk su zauna a cikin bodi, kusa da bayan kujera. Tantin kaɗai a sama. Kuma tudu a hau shi a miƙe, a sauko shi a miƙe, kada a yanke shi a kaikaice.

Mai Burtsatse:
Nan ne tsorona, don muna hawa Mambila. Daga Serti zuwa Gembu kwanonin nan ba na wasa ba ne.

Injiniya:
A can sauri ne abokin gabarka, ba tantin ba. Ka duba shoka da sifirin ɗin baya kafin ka ɗora, in sun gaji ka canza. Kuma ka tara lissafin kayan aikinka duka. Abin da Hilux ke ɗauka bai wuce tan ɗaya ba ko kusa da haka, har da ku mutanen ciki.

Likitar Dabbobi:
Sallama gare ku. Na daɗe ina karanta ku, duk zancen ƙarfe kuke yi, ba wanda ya yi zancen kwanan kansa. Ni da maigidana mun yi amfani da irin wannan tanti damina biyu, muna bin rugage muna yi wa shanu rigakafi, shi yana tuƙi. Bari in faɗi abin da mai talla ba zai faɗa ba.

Ranar farko da muka kwana a wuri mai sanyi, da safe na ɗaga katifa na tarar da ƙasanta jiƙe sharkaf. Na ɗauka ruwan sama ne ya shigo. Ashe numfashinmu ne da zafin jiki, tururin ya ratsa katifa ya tarar da farantin ƙasa mai sanyi ya zama ruwa, kamar yadda murfin tukunya ke yi. Akwai wata shimfiɗa mai kama da soson raga da ake sawa ƙarƙashin katifa don iska ta riƙa wucewa, in tantinka bai zo da ita ba ka nema. Kuma ko sanyi ake, ka bar taga biyu a ɗan buɗe ta sama.

Abin da ya fi wannan muni shi ne rufe shi a jiƙe. Mai murfi yana rufewa gam, iska ba ta shiga. Mun taɓa tashi da asuba ana yayyafi muka rufe, muka koma gida muka manta da shi mako biyu. Da muka buɗe, fumfuna ta cinye yadin, katifar kuma sai zubarwa. In dole ta sa ka rufe a jiƙe, da rana ta fito ka tsaya ka buɗe ya sha iska ko na rabin awa ne.

Sai tsani. Da dare in za ka sauko kama ruwa ko alwala, da barci a idonka, mita biyu ne tsakaninka da ƙasa. Ka sauko kana fuskantar tsanin, kuma ka rataya fitila a bakin ƙofa. Takalmi kuma, tunda a nan aka sari yaronka, kada ka bar shi a ƙasa. Ka sa a jaka ka rataya a sama kusa da ƙofa, in za ka sauko ka haska ƙasa tukuna. Tantin yana kare ka kana kwance ne kawai.

Mai Burtsatse:
Allah Ya saka da alheri, Likita. Wannan na takalmin ko shi kaɗai na samu ya isa. Zafi fa? Watan Maris da Afrilu a wajen Numan mutum ko a fili da ƙyar yake barci.

Likitar Dabbobi:
Sama ta fi ƙasa iska, wannan ba shakka. Ka buɗe duka tagogin ka bar raga kawai. Amma kada ka sayi baƙi. Na ga ana yayin baƙi don kyau, alhali yini yake yi yana shan rana, da magariba in ka buɗe katifar kamar an fito da ita daga tanda. Fari ko ruwan toka mai haske. Kuma ka buɗe shi tun kafin ka ci abincin dare don ya huce.

Ɗaya kuma don Allah, na sanyi ne. Kada wanda ya shigar da kaskon gawayi ko risho cikin tanti. Hayaƙin da ke kisa ba shi da wari, mutum yana barci zai wuce. A Mambila in sanyi ya matsa, bargo za ka ƙara.

Makanikin Panteka:
Tunda an zo kan sanyi, sandunan iskar ma suna jin sa. Iska in ta yi sanyi ƙarfinta raguwa yake. Tantin da ke tashi da kansa a Yola da rana, in ka kai shi Gembu da dare sai ka taimaka masa da kafaɗa. Ba lalacewa ya yi ba.

Injiniya:
Kusan kashi 3 da rabi cikin ɗari ne a kowane digiri 10. Bambancin digiri 30 ya ci kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinsu ke nan. Abin da ke kashe su da gaske ƙura ce. Ta manne a sandar, in ta shiga ta fita sai ta kankare robar bakin, iskar ta riƙa sulalewa. A riƙa goge sandar da tsumma mai tsabta, kada a shafa mata giris, giris ƙura yake tarawa. A jikin kowace an rubuta ƙarfinta, lamba ce da harafin N a gaba. Ka rubuta lambar da tsawon sandar ka adana, ranar da za ka nemi wata za ka gode wa kanka. In kuma ka ɗora farantin sola a kan murfin, ka ƙara masa nauyi, sai ka sa masu ƙarfi fiye da na asali.

Tsohon Direba Agadas:
Kun gani ko? Abin da ƙura ke kashewa, mi zai yi a ƙasar da hunturu ke wata uku?

Mazaunin Windhoek:
Baba, akwai wanda ba shi da sandar iska sam, kuma shi ne kakansu duka. Maggiolina, na Italiya, tun 1958 ake yin sa. Hannu ne kamar na tada tsohon injin niƙa, ka zura a gefe ka yi ta juyawa, wasu ƙarafa masu kama da almakashi su ɗaga murfin a hankali. Ya fi ɗaukar lokaci, amma babu iskar da za ta zurare, kuma yana ɗaure yadin tamau, ba ya kaɗawa in ana iska. Turawan da suka riƙa ratsa Sahara a da, da yawa da shi suka bi ta garinku.

Tsohon Direba Agadas:
Farin akwatin nan? Na san shi. Na sha ganin shi bisa motocin Italiyawa da Jamusawa lokacin da baƙi ke zuwa Ayar da Tenere. Wannan kam ban taɓa jin ya ba su wahala ba. In hannun ya ɓace fa?

Mazaunin Windhoek:
Sai a kwana a kujera. Shi ya sa masu shi suke ɗaure hannun a wuri ɗaya a cikin mota.

Ɗalibi:
To iska mai ƙarfi fa, irin ta farkon damina? Ba za ta ɗauke mai bakin kada ba?

Mazaunin Windhoek:
Shi ne ma ya fi jurewa, in ka ajiye motar daidai. Ka juya hancin mota ya fuskanci inda iska ke fitowa, sai ta bi bayan murfin ta haye. In ka ba ta bakin ƙofa kuwa, duk dare ba barci. Amma in hadari ne mai tsawa, ka sauko ka rufe ka shiga cikin mota. Kai ne abu mafi tsayi a fili, kuma yadi ba ya kare aradu.

Makanikin Panteka:
Yanzu bari in yi tawa maganar, don na san kafin a shigo da abin nan daga waje, da kuɗin jirgi da na kwastan, za ka ji a jikinka. Mu nan za mu iya haɗa maka shi. Firam, hinji, makulli, sandar iska, duk akwai a kasuwa. Masu ɗinkin tamfol da kujerar mota su yi yadin.

Injiniya:
Oga, ban raina hannunku ba, amma da wane ƙarfe? In baƙin ƙarfe ne, ya kusa ninka alminiyam sau uku a nauyi. Za a wayi gari an ɗora masa abin da mutum huɗu ba za su iya saukewa ba, kuma mun dawo kan maganar Baba.

Makanikin Panteka:
Wa ya ce baƙin ƙarfe? Firam ɗin ƙasa mai riƙe tantin shi ne na baƙin ƙarfe, don in ya tsage a ƙauye kowane mai walda zai kama maka. Akwatin kuwa alminiyam, muna da masu waldar agon. Injiniya, ku kullum sai ku ɗauka na waje ne kaɗai ke da kyau. Na ga na waje na roba mai arha da rana ta gasa shekara biyu ya fara tsagewa kamar tsohon bokiti. Wa zai gyara wannan? Na faiba aƙalla masu gyaran bamba za su liƙe shi.

Injiniya:
Kan robar na yarda da kai ɗari bisa ɗari, ranarmu ba ta barin ta. Inda nake tsoro a aikin gida wuri biyu ne. Ɗaya bakin murfi: in bai zauna daidai a kan robarsa ba, ƙurar hanya za ta cika gadon. Ɗaya makullai. In makulli ya sake kana gudu a kan kwalta, iska ta shiga ƙarƙashin murfin, ba tantin kaɗai za ka rasa ba, wanda ke bayanka ma yana cikin haɗari. In za ka yi masa, ka sa hinjin a gaba, makullai biyu masu maƙalewa a baya, da ƙarin ɗamara ta tsaro. Kuma a ɗora shi a sikeli a gabansa kafin ya biya.

Makanikin Panteka:
Na amince da sikeli. In ya wuce kilo 80 kada ya karɓa.

Likitar Dabbobi:
Ku sa ragar sauro mai ƙananan ido, kuma zif mai kyau. Namu zif ne ya fara mutuwa, ƙura ta ci haƙoransa.

Malamin Makaranta:
Ku gafarce ni, ban san ƙarfe ba, amma akwai abin da ya dame ni tun farkon zancen nan. Ɗan'uwa, Namibiya daban, ƙasarmu daban. A halin da muke ciki, mota da ɗaki a kanta a tsakiyar daji da dare, ai tun daga nesa za a hango ta. Kuma na fahimci in tantin yana buɗe ba ka iya tuƙi. Wanda ke kwance a tabarma in ya ji motsi zai faɗa mota ya tada. Kai sai ka sauko tsani, ka tura yadi ciki, ka ja murfi, ka kulle.

Mazaunin Windhoek:
Malam, wannan gaskiya ce, kuma ni ba zan iya ba shi amsarta daga nan ba. Rufe mai bakin kada minti biyu ne zuwa uku in ka saba, akwai igiyar roba da ke jawo yadin ciki. Amma minti uku a irin wannan hali yana da tsawo.

Mai Burtsatse:
Malam, Allah Ya biya. Ba ma kwana a dajin Allah, ko a da ma ba ma yi. Duk garin da muka je sai mun gaida mai gari, shi yake nuna mana inda za mu sauka, yawanci ƙofar gidansa ko filin firamare ko gefen masallaci. Matsalar ita ce zauren da ake ba mu wani lokaci buhunan hatsi ne a ciki da ɓeraye, inda ɓera yake kuwa maciji na nan. Shi ya sa muke fitowa waje. Inda kuma aka ce hanya ba lafiya, ba ma karɓar aikin ko nawa ne.

Tsohon Direba Agadas:
In haka ne na janye rabin maganata. A ƙohwar mai gari, da damina, cikin ciyawa, bisa ta hi ƙasa. Rabin da ban janye ba shi ne na tuƙi. Ranar da ka aza shi, ka ɗauka sabuwar mota ce ba ka san halinta ba. Ka hita da ita wurin da ba kowa, ka yi kwana, ka taka birki, ka ji yadda take rausaya. Kuma ka riƙe sifana kusa. Gargada tana kwance noti ko wane iri ne.

Makanikin Panteka:
Noti mai roba a ciki za mu sa, Baba, amma duk da haka ya duba bayan tafiyar farko, sannan kowace safiya in yana kan hanyar ƙasa. Guda takwas ne kawai, ba ya cin minti biyar.

Injiniya:
Kuma ka sa ran mai zai ƙaru, musamman a kwalta in kana gudu, don iska ce yake tokarewa. Mai murfi ya fi mai naɗewa sauƙi a nan tunda siriri ne, amma za ka ga bambanci a gidan mai. Wurin kwana kuma ka nemi inda ya daidaita, in bai daidaita ba ka sa dutse ko katako ƙarƙashin taya, ka ja birkin hannu ka bar ta a giya. Ɗan karkatar da ba ka gani da ido, da tsakar dare za ka tsinci kanka a manne da yadi.

Mai Burtsatse:
Na gode muku duka. Na fita yanzu da tef na auna. Daga ƙasa zuwa rufin motar ya ɗan haura mita 1.8, in na ƙara tazarar hannu da kaurin akwatin zan wuce mita biyu sosai. Ƙofar gidana a rufe take ta sama, tsayinta mita biyu daidai. Ke nan ko dai in ɗaga ta, ko motar ta koma kwana a wurin aiki. Oga na Panteka, siririn da za ka iya yi, da katifa da bargo ɗaya a ciki, santimita nawa zai kama?

Makanikin Panteka:
Ya danganta da katifar. Mai santimita 7 ka ce, da shimfiɗar da Likita ta faɗa a ƙasanta, da wurin naɗin yadi, ba zan yi maka alkawarin ƙasa da santimita 20 ba. Turo mini hoton bakin bodin ta ciki, ina so in ga ko akwai ramukan ɗaure kaya na asali da za mu yi amfani da su ba sai mun huda ba.

Likitar Dabbobi:
Yaron da aka sara fa, shi a ina zai kwana? In mutum biyu ne, kada faɗin ya gaza santimita 130.

Mai Burtsatse:
Tare za mu kwana, Likita, don shi ma na fara wannan tunanin. Oga, ka yi lissafi da 130. Hoton yana zuwa bayan la'asar in sha Allahu.